Kwantenata ta maƙale a kan maɓalli uku

Ɗan Balogun: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina cikin damuwa, wanda ya san kan abin ya taimake ni. Kwantenata ta iso Legas daga Gwanzu ta ƙasar Sin, katan 420, kusan duka kayan maza ne na auduga: tishat, folo, singileti, sai wandon jins kaɗan da jallabiya katan ashirin da na saka don azumi. Ranar duba kaya aka buɗe, jami'in kwastam ya zaro folo ɗaya ya ɗaga sama, ya nuna kwala da maɓallai uku na gaba, ya ce abin da ke cikin takarda daban, abin da ke hannunsa daban. Ashe ejana, wato mai fitar min da kaya daga tasha, lambar fito ɗaya ya rubuta wa kayan gaba ɗaya, 6109.10, wai duk tishat ne. Yau kwana shida ke nan, kuɗin kwanan tasha da na kamfanin jirgi sai hawa suke. Abin da ya ɗaure min kai, an ce min kuɗin fiton tishat da na folo duk kashi 20 ne. To idan kuɗin ɗaya ne, rigimar mece ce?

Alhaji Mai Shadda: Wa alaikumus salam. Allah ya fid da kai, Sani. Amma kai ma da naka, yaya za ka loda kaya kala biyar ka bar eja ya rubuta kala ɗaya ba ka duba ba?

Ɗan Balogun: Wallahi Alhaji shekara huɗu muna aiki da shi, ban taɓa karanta takardar ba. Kuɗi yake faɗa in tura.

Ɗan Kwari: Ni dai a ganina duk kanwar ja ce. Riga riga ce. Mu a Kwari in mutum ya zo saye ba ya tambayar lamba, farashin dozin yake tambaya. Waɗannan lambobin Turawa suka ƙirƙiro don su wahalar da ɗan kasuwa.

Baba Eja: Assalamu alaikum. Yanzu na dawo daga masallaci na tarar da saƙonni. Sani, sannu da wannan jarrabawa. Bari in yi bayani a tsanake, don na fi shekara ashirin ina zirga-zirga tsakanin tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tinkan kafin gwiwa ta zaunar da ni.

Lambar nan ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Tsari ne na Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels, ana ce masa HS, ya fara aiki a 1988, ana sabunta shi kusan duk shekara biyar. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a Sin da Turkiyya da nan Legas. Mu kuma muna kan jadawalin bai ɗaya na ECOWAS tun 2015, wanda ya ƙara huɗu suka zama goma, ya kuma raba kaya gida biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. Tufafin da aka gama ɗinkawa gidan 20 suke zama, wannan an faɗa maka daidai.

Tambayar farko da jadawalin yake yi wa riga ba ta suna ba ce, ta saƙa ce. Ka ja yadin da hannu biyu. In ya tale ya koma, ka kuma duba kusa ka ga zaren ya sarƙe cikin juna kamar na safa, wannan babi na 61 ne. In saƙar masaƙa ce, zare a tsaye zare a kwance, irin ta shadda da yadin shat da jins, babi na 62 ne. Daga nan sai a tambayi wace irin riga ce, ta maza ce ko ta mata, sannan da wane zare aka yi ta.

Kayanka ga gidajensu: tishat da singileti na auduga 6109.10. Folo mai kwala da buɗaɗɗen wuya mai maɓalli 6105.10, don ita a wurinsu shat ce. Wandon jins 6203.42, ka ga shi ma babinsa daban. Jallabiya ta auduga yawanci 6211.32 muke kai ta. Gida huɗu ke nan ejanka ya cusa a ɗaki ɗaya.

Ɗan Kwari: Baba ranka ya daɗe, ka ƙara min ƙarfi ne ai. Gida huɗu, haya ɗaya. Kashi 20 nan, kashi 20 can. Gwamnati me ta rasa?

Baba Eja: Kashi 20 na me, ɗana? Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ana ɗora kason ne a kan ƙimar kaya, wato kuɗin saye da inshora da kuɗin jirgi a haɗe. Singileti da wandon jins kuɗinsu ɗaya ne a masana'anta? In ka kira jins da sunan tishat, ka kuma sa masa farashin tishat, kason bai canza ba amma kuɗin da ka biya ya ragu sosai. Shi jami'in da ya buɗe katan ya ga jins alhali takarda ta ce tishat, ba zuciyar Sani yake gani ba, takarda yake gani. Dole ya ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa har sai an nuna masa babu.

Kuma lambar tun daga Fom M take farawa a banki, wato fom ɗin shigo da kaya, ta bi ta shiga PAAR, takardar ƙiyasin da kwastam ke fitarwa kafin kaya su iso, ta shiga takardar bayyana kaya. Ƙarya ɗaya a tushe sai ta haihu sau uku.

Ɗan Balogun: Baba ni ban rage farashi ba wallahi. Abin da na biya shi ke cikin inbois, takardar farashin da mai kaya ya ba ni.

Baba Eja: Na yarda da kai. To inbois ɗin layi nawa ne?

Ɗan Balogun: Layi ɗaya. Kayan maza na auduga, katan 420, sai jimillar kuɗi.

Baba Eja: To ka ji. Ejanka ya yi lalaci, amma mai sayar maka ne ya shimfiɗa masa tabarmar.

Hajiya Mai Kayan Yara: Baba Eja barka da dare. Tunda an buɗe makaranta bari in yi tawa tambayar. Ni ina kawo wandunan roba-a-ƙugu na auduga, irin na motsa jiki, maza na saya mata na saya. Na maza ne ko na mata a wurinsu?

Baba Eja: Hajiya barkanmu dai. Ƙa'idar a rubuce take. Riga mai buɗewa ta gaba, in ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, ta maza ce. In dama ke hawa kan hagu, ta mata ce, sai fa in yankan rigar ya nuna ƙarara ta wane jinsi ce. Abin da kuma aka rasa gane na maza ne ko na mata, to ana kai shi gidan mata. Wandonki in ba shi da wata alama ta maza, 6104 zai tafi, ba 6103 ba. Tishat kuwa ba ruwanta da wannan, 6109 ta haɗa kowa. Kayan jarirai su ma gidansu daban, kuma da tsawo ake aunawa, yaron da bai wuce santimita 86 ba.

Tela Agege: Allahu Akbar. Shekara talatin ina sa maɓalli a dama ina huda a hagu, haka maigidana ya koya min a Zangon Agege, ban taɓa sanin doka ce ta duniya ba. Na ɗauka al'adar shagonmu ce.

Ɗan Kwari: Wato duk ƙattin da ke yawo da wandon Hajiya a Obalende kayan mata suke sawa a hukumance.

Hajiya Mai Kayan Yara: Kai dai ka biya ni kuɗin dozin biyar da ke kanka kafin ka yi wa kwastomomina dariya.

Shugaban Zaure: Jama'a a bar maganar bashi a fili. A koma kan matsalar Sani.

Abba Ɗan Makaranta: Baba ina da ƙari in an yarda, don mun taɓa wannan a aji. Ba kowace folo ce ke shiga 6105 ba. In tana da roba a ƙasa mai tsuke ƙugu, ko aljihu a ƙasan ƙugu, ko saƙarta ta yi gwari-gwari har ba ta kai sarƙa 10 a santimita ɗaya ba, ta fita daga nan. Marar hannu ma ba ta shiga. Yawanci irin waɗannan sai su faɗa 6110, gidan suwaita. Haka tishat mai zariya ko roba a ƙasa ba ta zama a 6109.

Baba Eja: Madalla Abba, haka yake. Na taɓa ganin an shimfiɗa riga a kan katan, an ɗora ruler, mutum ya duƙa da gilashin ƙara girma yana ƙirga sarƙa ɗaya bayan ɗaya, rana na dukan ƙeyarsa, mai kaya na tsaye yana share gumi da hular kansa. Ranar na san abin ba wasa ba ne.

Alhaji Mai Shadda: Ni abin da nake so Sani ya bincika tun kafin a bincika masa shi ne audugar kanta. Ka ce kayan auduga ne. Wa ya faɗa maka? Lebul?

Ɗan Balogun: Lebul ɗin wuya ya ce auduga ɗari bisa ɗari, Alhaji.

Alhaji Mai Shadda: Lebul a Gwanzu abin da ka ce a buga shi ake bugawa. Shekarun baya wani mai masana'anta, ba zan kama suna ba, ya tambaye ni da bakinsa wane lebul nake so a liƙa, kamar mai tambayar kalar zare. Ka ɗauki riga ɗaya daga samfurin da ke shagonka, ka zare zare daga cikin lafi, ka kai masa ashana. Auduga tana ci bal-bal, tana warin takarda, tokarta in ka murza sai ta bi iska. Mai roba kuwa sai ta nannaɗe tana gudun wuta, ta narke, ta bar ɗan baƙin ƙullutu mai tauri da ba ya murzuwa. In gauraye ne za ka ga duka biyun, toka da ƙullutu.

Ɗan Kwari: Wannan kam gaskiya ne, mu ma da shi muke kama masu kawo mana shadda ta bogi.

Abba Ɗan Makaranta: Amma Alhaji, in gauraye ne ai sai auduga ta kai kashi 85 kafin a kira shi auduga, ko?

Baba Eja: A'a Abba, ka haɗa abu biyu. Kashi 85 na yadi ne da ba a ɗinka ba, babi na 52, kayan su Alhaji. A can ne ake raba mai kashi 85 zuwa sama da wanda bai kai ba, a kuma raba da nauyi: wanda bai wuce giram 200 a murabba'in mita ba 5208, wanda ya wuce 5209. Amma rigar da aka ɗinka, zaren da ya fi nauyi shi ke da ita. Auduga 60 roba 40, auduga ce. Auduga 35 roba 65, irin yadin shat ɗin 'yan makaranta, ta roba ce, 6205.30 maimakon 6205.20. In kuma suka yi kunnen doki, 50 da 50, ana bai wa wanda ya zo daga baya a jerin babi. Auduga tana 52, zaren roba yana 54 da 55, saboda haka roba ta ci.

Abba Ɗan Makaranta: Na gode Baba, na gyara.

Ɗan Balogun: Na gwada yanzu a bayan shago. Tishat da singileti toka zalla. Folo ta bar ƙullutu ƙarami. Innalillahi.

Alhaji Mai Shadda: Kada ka ɗaga hankalinka tukuna, ƙullutu ba ya faɗin kashi nawa ne. Ka kira mai masana'antar ya turo maka takardar haɗin zaren ta gaskiya. Ka ce masa kwantena ta gaba tana kan amsarsa, za ka ga ya tuna.

Baba Eja: In auduga ta fi yawa tana nan 6105.10. In roba ta fi, 6105.20. Ashana ta nuna maka hanya ne kawai, hujja sai takarda ko ɗakin gwaji.

Tela Agege: Ni ku gafarce ni, zan faɗi abin da ke raina. Duk wannan ilimi da ake zubawa, a kan yadda za a shigo da rigar da wani tela ya ɗinka a Sin ne. Har jallabiya! Har kaftani da wando yanzu ana kawo su a leda. Mahaifina a masaƙar Kaduna ya yi aiki, KTL da aka buɗe tun 1957, lokacin da Kakuri in an tashi aiki kekuna sai sun toshe titi. Audugar Funtuwa da Gusau ake saƙawa. Yau muna zaune muna ƙirga maɓallin folo. Ni da za a ji tawa, gidan 35 za a mayar da duk rigar da aka ɗinka a waje.

Ɗan Kwari: Malam Tela, a mayar 35 ɗin ka ga inda kayan za su bi. Ai an gwada abin da ya fi haka. A 2015 Babban Banki ya hana dala ga kaya 41, tufafi da yadi na ciki, ba a janye ba sai Oktoban 2023. Masaƙa nawa aka buɗe a shekarun nan takwas? Kayan Kwatano suka koma suna shigowa ta bayan gida. Gwanjo ma ai haramtacce ne gaba ɗaya a jerin kwastam, amma je ka Katangowa ranar buɗe dila ka gani.

Tela Agege: Don ɓarawo na haura katanga sai a ce a rushe katangar?

Ɗan Kwari: A'a, cewa na yi a ba ka wuta tukuna. Kai da kanka da janareta kake ɗinki. Singileti dozin nawa za ka iya fitarwa a rana a farashin da mai turin baro zai saya?

Tela Agege: Singileti ba aikina ba ne. Kaftani aikina ne, kuma na leda ba ya zama a kafaɗar mutum kamar wanda aka auna.

Alhaji Mai Shadda: A nan kam ina bayan Tela. Ni yadi nake kawowa, cinikina yana hannun teloli. Duk kaftanin da ya shigo a ɗinke yadi biyar ne ban sayar ba.

Hajiya Mai Kayan Yara: Kowa dai gonarsa yake wa addu'ar ruwa.

Ɗan Kwari: Tunda an taɓo kaftani, Baba Eja, riga da wando na yadi ɗaya a leda ɗaya, lamba ɗaya ce ko biyu? Akwai wanda ke son in haɗa masa daga Dubai.

Baba Eja: Wannan ita ce tambayar da ejoji ke faɗa a kanta. Akwai gida na kayan da aka haɗa saiti, riga ɗaya ta sama da wando, yadi ɗaya, kala ɗaya, salo ɗaya, girma ya dace, an shirya su don a sayar tare. Na auduga na maza 6203.22 ne. In rigar gajera ce, iya cinya, ni ban taɓa shakka ba. Amma in ta sauka har ƙwauri, wani zai ce maka wannan ba rigar saman jiki ba ce kuma, sai a raba, riga ta tafi 6211, wando ya tafi 6203.42. Na ji hujjar kowane ɓangare, kuma kowa na da abin riƙewa. In wando kalarsa ta bambanta da riga kuwa, babu gardama, rabawa ake yi. Hula in an saka a ciki ita ma ba ta bin su, babi na 65 take.

Shawarata, tunda kaya ne da za ka riƙa kawowa a kai a kai, kada ka dogara da bakin eja ko nawa. A 2024 kwastam ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi ta buɗe tsarin neman hukunci tun kafin kaya su taso. Ka kai bayanin kayan da samfur, a ba ka lamba a rubuce. Ranar duba kaya takarda za ka miƙa, ba rantsuwa ba.

Ɗan Kwari: Mai kwantena goma ne zai yi wannan. Mu 'yan haɗaka da katan talatin a kwantenar mutum goma sha biyu, mai haɗawa kilo yake auna mana ya faɗi kuɗi. Lambar da ya rubuta shi da Allahnsa.

Baba Eja: Haka ne, kuma ranar da katan ɗin mutum ɗaya ya jawo tambaya, ku goma sha biyun za ku kwana a tasha tare.

Ɗan Balogun: Baba yanzu mene ne abin yi? Ejan yana ce min in ƙara haƙuri zai san yadda zai yi.

Baba Eja: Wannan "zai san yadda zai yi" ita nake jin tsoro. Ko ya fitar da ita da takardar da ba ta dace da kaya ba, tsugune ba ta ƙare ba, don kayanka wasu Kano za su tafi, kuma a hanya ana iya buɗe mota a gwada kaya da takarda. Ga abin da zan yi in ni ne. Yau da dare ka sa mai masana'anta ya turo sabon jerin kaya dalla-dalla: kowane iri katan nawa, guda nawa a katan, farashin guda, haɗin zare. Jimilla ta yi daidai da kuɗin da ka tura ta banki, ka haɗa da shaidar turawar. Gobe ka je da kanka tare da ejan, a nemi gyara, kowane kaya ya koma lambarsa. In an sake lissafi aka ga akwai ciko za a ba ka takardar biyan ƙari, ka biya ta banki ka riƙe rasit. In ƙimar da aka ɗora ta wuce abin da ka saya, kana da damar ƙalubalanta a rubuce da hujjojinka, amma ka auna da kuɗin kwanan da ke hawa.

Don ka san inda kake, ga lissafin da muka saba yi lokacin da nake aiki. A ce ƙimar kaya har bakin tasha naira miliyan 10. Fito kashi 20, miliyan 2. Ƙarin kashi 7 a kan fiton, 140,000. Na ECOWAS rabin kashi ɗaya, 50,000. Sai harajin VAT kashi 7.5 a kan jimillar duka, ya kama 914,250. Ka haura miliyan 3 ke nan, ban sa harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin saye ba, wanda a da kashi 1 ne. Ka lura duk naira ɗaya da aka ƙara a ƙima sai ta ja sauran duka sama.

Ɗan Balogun: Allah ya saka da alheri Baba. Na tura wa mutumin saƙo, can gari ya kusa wayewa.

Ɗan Balogun: Jama'a barkanmu da yamma, ga yadda ake ciki bayan kwana uku. Mai masana'anta ya amsa, folo auduga 65 roba 35 ce, ya ce lebul ɗin kuskuren yaransa ne. Ta zauna a 6105.10. An raba kayan layi huɗu, an ba ni ciko a kan jins da jallabiya, na biya. Cikon bai kai rabin abin da kuɗin kwana ya ci ba. Kwantena ta fito jiya da daddare, yanzu haka ana saukewa a sito.

Alhaji Mai Shadda: Alhamdulillah. Lebul ɗin fa? Haka za ka sayar wa mutane da ɗari bisa ɗari a wuya?

Ɗan Balogun: Shi nake tunani Alhaji. Katan 90 ne, guda 120 a kowane.

Tela Agege: Kawo su Agege. Ina da yara huɗu da reza, naira ashirin kowace riga.

Ɗan Balogun: Sha biyar, Malam Tela, kuma ku mayar da su cikin ledarsu.

Tela Agege: Turo katan goma gobe mu gani.